'Yata na haddace sunayen dabbobi amma ba ta gane darasin, ta ina za mu kama?

Mahauci, Agege

Assalamu alaikum jama'a. Ni mahauci ne, a mayankar Oko-Oba nake neman abinci. 'Yata ta fari tana SS2, burinta ta zama likitar dabbobi, amma bayoloji na ba ta wahala. Kullum da dare sai in ji tana karanto sunaye da wani yare da ta ce Latin ne, amma da na tambaye ta me ya raba kwaɗo da ƙadangare sai ta yi shiru. Makarantarsu ba ɗakin gwaji na kirki, zane kawai ake musu a allo. Ni boko na bai wuce firamare ba, kuɗin lesin kuma ya yi mini nauyi bana. Masu ilimi, me ya kamata ta fara riƙewa kafin WAEC ta baɗi?

Malamin bayoloji, Idi-Araba

Wa alaikumus salam. Alhaji, abin da makarantar ta rasa yana hannunka kowace safiya. Ni da nake koyarwa, roƙon mahauta nake yi su ajiye mini abin da kai kake wankewa ka sayar.

Tambayar farko da za ta riƙa yi wa kowace dabba ita ce: tana da ƙashin baya ko babu? Masu ƙashin baya gida biyar ne a karatun sakandare: kifaye, sai irin su kwaɗo da ke rayuwa a ruwa da tudu, sai masu jan ciki kamar ƙadangare da maciji da kada, sai tsuntsaye, sai masu shayarwa. Tambayarka ma a nan amsarta take. Fatar kwaɗo damshi gare ta, har numfashi yake yi ta cikinta, kuma dole ya koma ruwa ya saka ƙwai, su ƙyanƙyashe talibambam mai wutsiya ba ƙafa. Fatar ƙadangare busasshiya ce mai ɓawo, a ƙasa yake binne ƙwansa, ɗan kuma da kamannin iyayensa yake fitowa.

Yanzu ga naka aikin. Ran Asabar ka zo mata da kayan cikin rago guda, kada a yayyanka. Ta bi hanyar abinci da yatsa tun daga maƙogwaro. Cikin saniya da tunkiya da akuya ɗaki huɗu ne. Na farko shi ne babban tumbi, inda ƙananan halittun da ido ba ya gani suke ruɓar da ciyawa, don dabbar ita kaɗai ba ta iya narkar da ita. Na biyu shi ne mai zane kamar saƙar zuma. Daga waɗannan biyun take maido da abinci baki ta yi tuƙa. Na uku mai ninki-ninki ne, aikinsa tsotse ruwa. Na huɗu shi ne ainihin ciki irin namu, mai ruwan tsami da ke narkar da abinci. Yarinyar da ta juya waɗannan da hannunta, wallahi ba ta sake buƙatar hadda a kansu.

Ka tsaga mata zuciyar sa ta ƙirga ɗakuna huɗu, ta taɓa ta ji yadda bangon ɗakin ƙasa na hagu ya fi na dama kauri, saboda shi ke tura jini ga jiki gaba ɗaya, na dama kuwa huhu kawai yake kai wa. Zuciyar kifi ɗaki biyu ce, ta kwaɗo uku, ta tsuntsu huɗu. Sannan ka buɗe mata bakin rago ta ga babu haƙoran gaba a sama, dasashi ne mai tauri.

Ɗaliba a Jami'ar Legas, Akoka

Baba, Allah ya saka maka da ka tsaya wa karatunta. Na yarda da Malam, amma kada ƙanwata ta ji an ce ta koya a mayanka, sai ta watsar da sunayen Latin, don JAMB na tambaya. Tsarin ba shi da wuya: kowace halitta suna biyu, na dangi da na kanta. Wani masani ɗan Suwidin, Carl Linnaeus, ya daidaita shi, kuma daga bugun littafinsa na 1758 ake ƙirga sunayen dabbobi. Akuya Capra hircus, jan gwada na kan katanga Agama agama. Na farko da babban baƙi, na biyu da ƙarami, kuma a ja layi ƙarƙashin kowanne idan da hannu aka rubuta.

Marasa ƙashin baya kuwa ta ƙirga ƙafafu. Shida ƙwaro ne: kyankyaso, fara, sauro, jikinsu kashi uku. Takwas gizo-gizo da kunama da kaska. Ƙaguwa goma, har da hannuwan cizon. Wuraren da muka fi faɗuwa su ne jemage, wanda ke tashi amma haihuwa yake yi ya shayar, da ayu da ke cikin ruwa amma ba kifi ba ne; dukansu biyu masu ƙashin baya ne, a gidan masu shayarwa.

A firaktikal zane da fensir ake yi, ba a shafa inuwa, layukan da ke nuna sunayen sassa da rula ake jan su, kuma kada su ƙetare juna. Maki da yawa a nan suke zubewa.

Mai sayar da kifi, Mile 12

Alhaji, in ta shigo kasuwa ta tsaya wajen masu kifi. Ta ɗora karfasa kusa da tarwaɗa. Karfasa ɓawo gare ta, tarwaɗa santsi da gashin baki. Karfasa da ta bar ruwa ba ta daɗewa, tarwaɗa kuwa sai ta yi sa'o'i a baho tana motsi. Ɗana ya ce wani abu ne da ita a cikin kanta, sama da jan abin nan da kifi ke numfashi da shi, da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye. Na fasa kai na gani, yana nan, reshe-reshe.

Mahauci, Agege

Na gode ƙwarai, Allah ya raya muku zuri'a. Maganar haƙora kam aikinmu ne, da su muke gane shekarun rago a zango. Malam, wata tambaya: akwai tsutsa mai faɗi da muke samu cikin hantar shanu, likitan mayanka ya sa a zubar da hantar. Ita ma tana cikin karatunsu?

Malamin bayoloji, Idi-Araba

Tana ciki sosai, Alhaji. Fasciola ake kiranta, dangin tsutsotsi masu faɗi. Ƙwanta na fita cikin kashin saniya, in ya faɗa ruwa ya ƙyanƙyashe, ɗan ya shiga jikin ƙaramin dodon koɗi na fadama ya hayayyafa, ya fito ya manne a ciyawar bakin ruwa, wata saniyar ta ci. Shi ya sa shanun da suka yi kiwo a fadama suka fi kamuwa. Ka nemi izinin likitan ya ba ka guda biyu, ka sa a kwalba mai murfi da sifirit na kemis. Ta zana ta, ta nuna kan da tsutsar take tsotsa da shi, sannan ta wanke hannu da sabulu.