Ɗaure Lori Loughlin hujja ce cewa kuɗi ba ya ceton kowa a Amurka?

Baban Khalifa: Ni ina nan kan bakana cewa kuɗi ba ya ceton kowa a Amurka. A watan Maris na 2019 masu gabatar da ƙara a Boston sun tuhumi mutum 50 da hannu a cinikin gurbin karatu a manyan jami'o'in Amurka, har da 'yan fim biyu, Felicity Huffman da Lori Loughlin, kuma duka biyun sun kwana a gidan yari. Suna bai hana ba, dukiya ba ta hana ba. Wannan ita ce doka mai aiki.

Maman Hanan: Yaya, kwana nawa suka yi? Huffman ta biya dala 15,000 aka gyara wa 'yarta amsoshin jarrabawar SAT ta neman shiga jami'a, aka yanke mata kwana 14, ta fito bayan 11. Loughlin da mijinta sun zuba dala 500,000 don a shigar da 'ya'yansu mata biyu jami'ar USC da ke jihar California a matsayin 'yan tseren kwale-kwale, alhali ba sa wasan. Har hotuna aka ɗauke su a kan injin atisayen tuƙi don a haɗa da takardu. Wata biyu aka ba ta. To a 2011 wata baƙar fata a jihar Ohio ta yi amfani da adireshin mahaifinta don 'ya'yanta su shiga makarantar unguwa mai kyau, aka yanke mata kwana 10. Ba ta ba kowa ko sisi ba. Abin nan yana ci mini rai.

Malamin Lissafi: Hajiya, ki ƙara da dalilin da ya sa aka bi ta wasanni. Kowane koci yana da 'yan guraben da yake miƙa sunaye, ofishin ɗaukar ɗalibai kuma ba ya cika bincikarsa. Nan dillalin, Rick Singer, ya ga kafa. Kocin ƙwallon mata na jami'ar Yale ya karɓi dala 400,000 a kan yarinya ɗaya.

Baban Khalifa: Shi ma Singer ai an ba shi shekara uku da rabi a 2023. Me kuke so kuma, Malam?

Malamin Lissafi: A dubi ƙofar da ba a taɓa ba. Singer da bakinsa ya kira hanyarsa ƙofar gefe, ya ce akwai ta baya, wato attajiri ya ba jami'a kyautar miliyoyi. Charles Kushner ya yi wa Harvard alkawarin dala miliyan 2.5 a 1998, shekara ta zagayo ɗansa Jared ya shiga. Babu wanda ya je kotu a kan wannan.

Baban Khalifa: Kyauta ga makaranta ba sata ba ce. Da irin kuɗin nan ake ɗaukar nauyin ɗaliban da iyayensu ba su da hali. Kada mu haɗa mai bayarwa a fili da mai ƙirƙirar hoton ƙarya.

Maman Hanan: Na yarda akwai bambanci, amma yaron da aka ture daga gurbinsa duk ɗaya ne a wurinsa.

Autan Gida: Ku yi haƙuri manya, ni Reggie Bush nake tunawa. A wannan USC ɗin ya yi ƙwallon Amurka, ya ci kambun Heisman, na gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara, a 2005, ya mayar da shi a 2010 saboda shi da iyalinsa sun karɓi kuɗi da wurin zama daga masu neman zama wakilansa. Kocinsa Pete Carroll ya riga ya koma ƙungiyar ƙwararru ta Seattle Seahawks kafin hukunci ya faɗo wa jami'ar. Sai 2024 aka maido wa Bush kambunsa, bayan an halatta wa 'yan wasan jami'a cin kuɗin sunansu a 2021.

Baban Khalifa: Ka ga kenan tsarin yana gyara kansa, Auta.

Malamin Lissafi: Bayan shekara 14, Alhaji. Sannan a Janairun 2021, daren da zai bar mulki, Trump ya yafe wa Robert Zangrillo, wani attajirin Miami da ake tuhuma a wannan shari'ar ta guraben karatu, tun kafin ya tsaya gaban alkali ya kare kansa. Wannan ma gyara ne?

Baban Khalifa: Wannan kam ba zan kare shi ba. Amma da yawa daga cikin sauran an ɗaure su, kuma ban janye wannan ba.