Ɗigar fitsari bayan haihuwa: wa ta gwada motsa jikin Kegel a cikinmu?

Maman Hafsat, Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Tun da na haifi na huɗu, in na yi atishawa ko tari mai ƙarfi sai in ji fitsari ya ɗigo. Ba shi da yawa, amma ya isa ya sa ni sake tsarki da alwala, wani lokaci ma ina tsakiyar salla. Mun yi arba'in tuni, yaron har ya fara zama. Nas ɗin da ke awon yara ta ce in riƙa matse tsokar ƙasa, wai Kegel, sai dai layi ya yi tsawo ba ta samu ta yi mini bayani ba. Wadda ta yi, ya amfane ta? Kuma yaya ake yinsa?

Hajiya Mai Atamfa, Kejetia:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Na sha wannan wahalar shekaru ina ɓoyewa. A shago ko dariya ba na yi sosai, kuma kafin in shiga trotro sai na nemi bayi, don in mota ta faɗa rami shi ke nan. Da na gaji na je Gee, wato asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi, likitan mata ya duba ni ya tura ni wajen masu fisiyo, wato masu magani ta hanyar motsa jiki.

Matar da ta koya mini ta ce a ƙasan ƙugu akwai tsokoki da ke tallafe da mafitsara da mahaifa da dubura, kamar yadda majanyi ke tallafe goyo. Ciki da naƙuda su ne suke sassauta su. Ta kwantar da ni rigingine, gwiwoyi a tanƙware, ta ɗora hannuna a kan cikina, ta ce in matse kamar mai riƙe iska a cikin mutane, sannan in ja sama. Ciki kada ya kumbura, cinyoyi da ɗuwawu kada su motsa, kuma in ci gaba da numfashi. Da farko da ƙyar nake riƙewa in ƙirga uku. A hankali na kai goma. Bayan kowace matsewa sai in saki gaba ɗaya, in huta gwargwadon yadda na riƙe.

Na haɗa shi da lokutan salla don kada in manta: bayan asuba, bayan la'asar, bayan isha'i. Watan farko ban ga komai ba. Wajen wata na uku ne na lura na daina sa ƙyalle in zan fita kasuwa.

Amaryar Tafo:
Ni kuwa gwaggona bagaruwa ta dafa mini in riƙa zama a ciki, ta kuma sayo mini maganin matsi a hannun mai kayan mata. Na ji wurin ya ɗaure na ɗan lokaci, amma ɗigar tana nan, sai ma ƙaiƙayi da ya biyo baya. Na bari.

Anti Ungozoma, Asawase:
Amarya, gara da kika bari. Abin da ake cusawa fata kawai yake busarwa, ba ya kai wa ga tsoka, kuma yana iya jawo ciwon sanyi. Tsoka aiki take so.

Sunan Kegel na wani likitan mata ne ɗan Amurka, Arnold Kegel, wanda ya wallafa bayanin wannan motsa jiki a 1948. Abin da ake koya wa mata yanzu shi ne aƙalla matsewa 8, sau 3 a rana, har wata 3 kafin a ce ya yi ko bai yi ba. A haɗa da masu sauri: matse, saki, matse, saki.

Abin da na fi gani a wurin aiki shi ne mace ta ce tana yi kullum, in na duba sai in tarar nishi take yi tana tura ƙasa, wanda ƙara lalata abin yake. Shi ya sa nake roƙonku ku bari ungozoma ko mai fisiyo ta duba ku ko sau ɗaya ne. Kunyar minti biyar ce. Kada kuma ku mai da tsayar da fitsari a bayi ya zama atisayenku, yana hana mafitsara zubar da komai.

Sai abu mai muhimmanci: in fitsari yana zuba dare da rana ba tari ba atishawa, musamman bayan doguwar naƙuda, wannan yoyon fitsari ne. Kegel ba ya toshe shi, aiki ake yi, kuma ana warkewa. Wadda ta san mai irin wannan ta kama hannunta zuwa asibiti.

Mai Waakye, Sawaba:
Allah ya saka da alheri Anti. Ni sana'ata ce ke mayar da ni baya. Sauke tukunya daga murhu, ɗaukar jarkar ruwa, ga hayaƙin itace da ke sa ni tari. An koya mini in matse tun kafin in ɗaga kaya, ko in na ji atishawa na tahowa, kuma wallahi a ranar na ga bambanci. Yanzu babbar tukunya mu biyu muke kamawa da yarinyata. Taurin bayan gida ma an ce in kula da shi, don yunƙuri a bayi yana ja da tsokar ƙasa. Na ƙara shan ruwa da gwanda da miyar ayoyo. Da can rage ruwa nake yi don tsoron ɗiga, ashe fitsarin kauri yake yi ya dami mafitsara.

Inna Ta Akwatia Line:
'Ya'yana, ni haihuwa tara na yi, al'ada kuma ta ɗauke. Nawa ya wuce ɗiga, in yamma ta yi sai in ji wani abu ya sauko yana tokare ni. Na yi motsa jikin yadda aka ce, nauyin ya ragu amma bai tafi ba. Likita ya ce mahaifa ce ta zazzago, ya sa mini wani zoben roba da ke tallafe ta, ina komawa ana dubawa. Ina faɗa ne don wadda ta yi wata uku ba ta ga sauyi ba kada ta zauna tana zargin kanta, ta koma a sake duba ta.

Maman Hafsat, Aboabo:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti, ƙanwata tana da ciki wata biyar, kuma aiki aka yi mata a haihuwar farko. Ita ma ta fara?

Anti Ungozoma, Asawase:
Ta fara, Maman Hafsat. Nauyin ciki kaɗai yana gajiyar da tsokar ko da ba a haihu ta ƙasa ba. Ita ta yi a zaune ko kwance ta gefe, kuma ta faɗa wa ungozomarta a awo na gaba. In tana jin zafi lokacin matsewa ko lokacin kwanciya da maigida, ta dakata sai an duba ta, don wasu matan tsokar ɗaurewa ta yi, saki ake koya musu.