Massey Ferguson, John Deere ko New Holland: wacce ta dace da hekta 40?

Mai Shirin Damina:
Salamu alaikum masana. Gona ce hekta 40, rabi jigawa rabi laka. Aikin kaftu, haro da jan tirela. Tsakanin MF 375, John Deere 5075E da New Holland TT75, wacce tarakta za a ɗauka?

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Duk ukun ajin ƙarfin doki 75 ne, kowacce za ta ja garma mai faifai 3. Kafin suna, bincika kayan gyaran wacce ake samu kusa da kai. Nemi abu huɗu: filtar mai, faifan kuloci, nozul da famfon haidirolik. Wadda sai an yi odar waɗannan, bar ta komai kyanta, domin kwana goma a tsaye lokacin shuka ya isa ya ɓata damina.

MF 375 injin Perkins gare ta mai silinda 4, ba kwamfuta, yawancin makanikai sun san cikinta. 5075E silinda 3 ce da tabo (turbo, na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska). Tana da ja, amma tabo ba ya haƙuri da ƙura ko tsohon baƙin mai, kuma sai an bar injin ya yi sulo minti biyu kafin a kashe, in ba haka ba mai ya ƙone a boris.

Mai Fadama:
Gaskiya ne Malam, amma lakar nan ita ce za ta yanke hukunci. Mai ja da tayoyin baya kaɗai, in ƙasa ta jiƙe, juyawa za su yi a wuri ɗaya, dizal na ƙonewa, taya na cinyewa. A nemi mai ja da ƙafa huɗu, a ɗora ƙarafan nauyi a gaba kada garma ta ɗaga mata kai.

A tambayi dila ƙarfin PTO ma, wato sandar bayan tarakta mai juya kayan aiki, don yana ƙasa da na injin da ake rubutawa a jiki. Juyi 540 a minti, haƙora 6, shi ne yawancin kayan aiki ke karɓa.

Tsohon Bakanike:
Haka ne. Sannan tambayi irin famfon dizal ɗinta, don samfuri ɗaya kan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Na lantarki ruwa kaɗan a mai ke kashe masa nozul. Ko wanne ne, a zubar da ruwan kofin tacewa kowace safiya, a yi sabis na farko a kan lokaci.