Neman shawara: ɗana zai yi rubutu kan jiragen dakon kaya na da

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna zaune a jihar Maine ta Amurka. An ba ɗana mai shekara 12 aikin makaranta kan jiragen sikuna, masu tafiya da iska, da suka riƙa dakon kaya a gaɓar tekun nan. Shi babban jirgin nan Wyoming ya ƙwallafa rai a kai, ni kuwa so nake ya san wahalar mutanen da ke ciki. Don Allah ta ina za mu fara?

Malamin tarihi: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki bar masa Wyoming ya buɗe da shi. A garin Bath aka ƙera shi da katako a 1909, jigonsa shida, kwal yake ɗauka, ya nutse a 1924 ba wanda ya tsira. Amma yawancin sikuna ƙanana ne masu jigo biyu, ma'aikatansu ba su wuce kyaftin da mataimakinsa da kuku ba, wani lokaci da yaro ɗaya. Su ne masu jan igiya, su ne masu lodi da sauke katako ko dutsen gini da hannu. In iska ta kwanta, sai zaman jira.

Wani ɗan uwa: Hajiya, ki ba shi labarin farar ƙasar garin Rockland da jiragen suka riƙa ɗauka, a nan zai gane. A wancan zamanin ana ƙona dutsen farar ƙasa a tanda, a zuba a ganguna, a kai New York don gini. In ruwa ya taɓa ta sai ta ɗau zafi har wuta ta tashi, ga jirgin katako ba ya rasa yoyo. Zuba ruwa ƙara wutar yake yi. Sai dai su toshe kowace kafa don kada iska ta shiga, su koma saman jirgi su kwana a sanyi, wani lokaci kwanaki da dama, suna jiran ta mutu. Wasu jiragen haka suka ƙone.

Wata 'yar uwa: Yaya, tunda kuna kusa, ku je ku gani da ido. Jiragen sikuna Lewis R. French da Stephen Taber, duka ƙirar 1871 ne, har yanzu suna ɗaukar masu yawon buɗe ido lokacin zafi. A Bath kuma akwai gidan tarihin jiragen ruwa a filin da aka ƙera Wyoming.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Asabar za mu je Bath in sha Allahu, kuma ya ce da farar ƙasar zai fara.