Injin batir irin na masunta a jirgin da iska ke turawa: wa ya gwada?

Mai tambaya, daga Baltimore ta Amurka: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ƙaramin jirgi, Catalina 22, a mashigin ruwan Chesapeake, nauyinsa ya kai kusan tan ɗaya. Injin fetur ɗinsa ya tsufa, sai ya ga dama yake tashi. Ina tunanin ɗaura masa injin batir ɗin nan da masu kamun kifi ke lallaɓawa da shi, mai ƙarfin turi fam 55, ya zama na ko-ta-kwana. Wanda ya taɓa gwadawa ya taimaka da abin da idonsa ya gani.

Daga tafkin Erie: Wa alaikumus salam. Irinsa nake da shi, ƙirar kamfanin Minn Kota mai volt 12, a jirgi kusan girman naka. In iska ta ɗauke da yamma, ruwa ya kwanta lumui, yakan maida ni gida da gudun kusan kilomita 4 a awa, ba ƙara, ba warin fetur. Wajen shiga tsakanin jirage a tasha kuwa ya fi na fetur biyayya. Sai dai ka yi lissafi, ɗan'uwa. In ka murɗe shi duka yana jan kusan amp 50, wato wat 600 ke nan, bai kai ƙarfin doki ɗaya ba. Batir mai ruwa na 100Ah, wato mai ɗauke da wutar amp 100 ta awa ɗaya, rabinsa kawai ake sha in ana so ya yi ƙarko, ka ga awa ɗaya ke nan. Ni rabin gudu nake ba shi, ya kai ni nesa.

Daga Legas: Malam, a tafki wannan magana haka take. Mu nan ruwan legun ta mashigi ɗaya yake fita teku, kuma da damina in ruwa na janyewa gudunsa ba wasa ba ne. Ranar da muke dawowa daga Tarkwa Bay a jirgin wani abokina, iska ta mutu, ya kunna nasa har ƙarshe. Farfela na ta juyawa, ni kuwa na kafa ido kan wani dutse a bakin mashigin, sai na ga muna nan a gefensa, daga baya ma ya fara wuce mu. Anga muka jefa a gefe, nesa da hanyar manyan jiragen Apapa, muka jira ruwa ya juyo. Abin ko-ta-kwana ai don mummunar rana ake ajiye shi, shi kuwa wannan ranar daɗi yake aiki.

Wata 'yar'uwa daga Southampton ta Ingila: Gaskiyar Yaya na Legas. A Solent, ruwan tekun da ke kusa da mu, wajen mashigin Hurst, gudun ruwa kan wuce kilomita 7 a awa, ba injin masuntan da zai ja da shi. Ga kuma matsalar tsawon sandar da ke riƙe da farfelarsa. Bayan jirginmu na da tudu, da igiyar ruwa ta ɗaga shi sai farfela ta fito fili tana kaɗa iska. Mu dai mun koma ePropulsion Spirit mai kilowat ɗaya, wanda ake kwatanta shi da injin fetur mai doki 3. Da tsada, amma batirinsa a jikinsa yake, a cire a kai gida a yi caji.

Mai gyaran wayoyin jirgi: In dai ka saya, Chesapeake ruwan gishiri-gishiri ne, ka nemi samfurin teku, irin Riptide na kamfanin Minn Kota, kana wanke shi da ruwan famfo. Ka sa waya mai kauri da makatsin wuta na amp 60 dab da batir. Na sha taɓa siririyar waya in ji ta yi zafi kamar ta narke. Kuma ka ware masa batirinsa daban, kada ya shanye wanda fitilu da rediyo ke dogaro da shi. Masu sana'ar kan ce fam 2 na turi ga kowane fam 100 na nauyi, to ka haɗa da mutane da kaya ka ga inda fam 55 ya tsaya.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan kai na fetur ɗin wajen makaniki, na batir ya tsaya wa shiga da fita tasha. Malam na Erie, batirin lithium ka koma ko har yanzu mai ruwan ne?