"Horreur" da Hausa: ni dai na tsaya a kan "fim ɗin firgici"

'Yan uwa, ku taya ni yanke wata magana da ta hana mu shan shayi cikin natsuwa a fadarmu, wato majalisar hirarmu ta unguwar Birni a Damagaram, tun ranar Juma'a.

Ƙanena yana da shagon caji da turi kusa da Kasuwar Dole. A kwamfutarsa kowane irin fim da sunansa: na soyayya, na yaƙi, na barkwanci, Indiya-Hausa. Iri ɗaya ne ba shi da sunan Hausa, "Horreur" aka rubuta masa, sunan Faransanci na finafinan da ake yi don a razana mai kallo. Makon jiya wata baiwar Allah ta kawo waya a zuba wa yaranta finafinai. Yaron shago ya ce, "Hajiya, har da orer?" Ta ce ya sa duka. Washegari ta dawo ranta a ɓace, wai yaran kwana suka yi ba barci, ƙaramar sai da aka yi mata tofi. Ta ce, "Da da Hausa ka tambaye ni, ai da ban yarda ba." Gaskiyarta. Tun ranar nake neman sunan da uwa za ta ji ta gane nan take. Wasu sun riga sun ba ni shawara, cikinsu har da wani Malam da wata Yaya, kuma zan amsa musu a nan.

Samarin da ke zuwa Kano na ji suna cewa "fim ɗin horo", daga lafazin Ingilishi. Wannan kam a ajiye shi. Horo kalmarmu ce mai aikinta, ta tarbiyya da ladabtarwa. Ka ce wa dattijo ga fim ɗin horo, sai ya ce a kunna wa yara su ƙaru.

Mafi yawan 'yan fadarmu "fim ɗin aljanu" ko "na dodanni" suke so, don shi bakinsu ya saba. A nan muka fi daɗewa. Aljani a cikin fim ba shi ne ke mayar da shi wannan iri ba. Namu Moustapha Alassane ya yi Toula, labarin yarinyar da aka sadaukar wa aljanin ruwa saboda fari, kuma tausayi ne ke kama mai kallo, ba gudu ba. A ɗaya gefen ga Psycho na Alfred Hitchcock, na 1960: babu aljani, babu dodo, babu fatalwa, mutum ne ɗan Adam mai ƙaramin masauki a bakin hanya, da wuƙa. Amma duk mai lissafa manyan finafinan wannan fanni sai ya sa shi a sahun gaba. Dodo kuwa namu ne na tatsuniya, wanda kaka ke ba da labarinsa kana kwance a jikinta, ka san ƙarshenta za a ci galabarsa. Sunan ya yi wa abin da nake nufi sanyi.

Na ga amsarka, Malam, Allah ya gafarta. Ka ce kalmar "horreur" ta samo asali daga Latin, "horrere", wato gashin jiki ya miƙe, don haka fassararta ita ce tashin tsikar jiki. Wallahi na ji daɗin wannan, ban taɓa sanin su ma daga jiki suka ɗauko sunan ba. Sai dai, Malam, tsikar jikina tana tashi in alaramma mai murya ya ja baƙi a tahajjud. Tana tashi in kakaki ya yi kuka a ƙofar fadar Sarkin Damagaram ranar hawan salla. Ba zan so kalma ɗaya ta haɗa waɗannan da fim ɗin gawa mai tafiya ba. Mu bar tashin tsika ya zama abin da ake yabon fim ɗin da shi, a ce ya tayar mini da tsika, amma kada ya zama sunansa.

Yaya, ke kuma kin ce me ya hana "fim ɗin ban tsoro", tunda kowa ya san shi. Ba kuskure ba ne, kuma ba zan hana kowa faɗa ba. Matsalata da shi faɗi ne. Fim ɗin yaƙi yana da ban tsoro. Wanda 'yan sanda ke bin ɓarawo, zuciyarka na dukan uku-uku, shi ma haka, alhali wannan zullumi ne, kana jiran ka ga yadda za ta kaya. Tsoro kana iya zama da shi shekara guda, kamar tsoron bashi. Firgici kuwa faɗo maka yake yi, ya zaburar da kai daga tabarma, ya bi ka har shimfiɗa. Ai mukan ce yaro ya firgita cikin barci. Abin da ya sami yaran Hajiya ke nan, kuma da wannan kalmar ta faɗe shi.

Sannan shi ne ainihin abin da masu sana'ar suke ƙerawa da gangan. A wurin kisan banɗaki na Psycho, Hitchcock da farko ba ya son kiɗa ko kaɗan. Bernard Herrmann ya rubuta masa kiɗa da kayan tsirkiya zalla, dangin gogenmu, suna ƙara kamar ana tsaga ƙarfe, da ya ji sai ya sauya ra'ayi. Ku gwada kashe sautin waya a irin wannan wuri, rabin abin zai zube. Tun kafin fim ya fara magana ma, F. W. Murnau na Jamus ya yi Nosferatu a 1922, inda inuwar mai shan jini kawai ake gani tana hawa matakala da dogayen farata. Mai haske, mai kwalliya, mai sauti, duk abu ɗaya suka taru suna dafawa.

Wani ya gyara mini, ya ce "firgitarwa" ta fi daidai a nahawu, tunda fim ɗin ne ke firgita mutum. Na yarda, amma ta yi wa baki tsawo. Muna cewa fim ɗin soyayya, fim ɗin yaƙi; fim ɗin firgici ya shiga layinsu ba tare da tuntuɓe ba. Jam'insa finafinan firgici, masu yin sa kuma masu fim ɗin firgici.

Roƙo ɗaya ga masu fassara: ku daina kiran "vampire" maye. Maita zargi ne da har gobe yake raba tsofaffi da unguwarsu, ba abin da za a liƙa wa ɗan wasan Amurka ba ne yara su ɗauka su fita da shi titi. "Mai shan jini" ya wadatar.

Jiya da la'asar ƙanena ya goge "Horreur" daga kwamfuta, ya kuma rubuta a allon shago: "Finafinan firgici, ba na yara ba." Ya ce zuwa magariba mutum uku sun tambaya, babu wanda ya nemi a yi masa bayani.