Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: mutum biyu da rediyo a kan dutse

Mai Eriya Bauchi:
Assalamu alaikum jama'a. Karin maganar da na kawo mana yau ita ce "hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka." Masu rediyon sha'awa, waɗanda ke da lasisin hira da takwarorinsu na duniya da alamar kira mai farawa da 5N, suna yawan kafa hujja da ita idan ana shirin hawa dutse da kayan rediyo, irin duwatsun Mbula na Dass ko Dutsen Bima wajen Dadin Kowa. Sai ka ji an ce a tafi mutum biyu, kowa da rediyonsa da eriyarsa, aiki zai ninka. Ina da ja a nan. Yawan hannaye karin maganar take nufi, ko akwai sharaɗin da ake tsallakewa? Malamai, a warware mana.

Malam Na Dass:
Wa alaikumus salam. A duba yadda ake ɗaukar jinkar, amsar tana nan. A ƙasa ake ɗaure tsaiko, wani lokaci har a baibaye shi da shuci, sannan a kira maza su kewaye shi. Mutum ɗaya ne ke ba da umarni, a ɗaga tare, a taka tare, a ɗora kan ginin tare. Idan na gefe ɗaya ya riga sauran ɗagawa, jinka ta karkace, nauyin ya koma kan na ɗaya gefen, tsaiko ya karye. Saboda haka hannaye da yawa kan kaya ɗaya ake nufi, da murya ɗaya mai cewa a ɗaga. Mutum biyu da kowa ya rungumi nasa kayan yana ƙoƙarin ɗagawa shi kaɗai ba su shiga cikin wannan karin magana ba.

Injiniya Kaltungo:
Allah ya gafarta Malam, lissafin rediyo ma yana bayanka. A ce ɗaya yana magana a kan mita 40, megahaz 7.1, ɗayan yana saurare a kan mita 20. Kowane rediyo yana zubar da ɗan sigina a ninkin zangon da yake watsawa, kuma 7.1 sau biyu 14.2 ne, tsakiyar wurin da ake hira da murya a mita 20. Ko da wannan zubin bai kai kashi ɗaya cikin dubu goma na wat 5 ɗin da rediyon ke fitarwa ba, daga nisan taku ashirin ya fi ƙarfin duk wata tasha da za ta iso daga Turai nesa ba kusa ba. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne eriyar da aka fi hawa dutse da ita: waya mai tsawon kusan mita 20 da ake ba wuta daga baki ɗaya ta ƙaramar taransifoma 49:1. Wayar nan tana aiki a mita 40 da 20 da 15 da 10, don haka ba ta tace zubin, watsa shi take yi.

Ko babu maganar ninki, sigina mai ƙarfi a kusa yana toshe kunnen rediyon abokinka. Alamarsa: hayaniya ta taso duk lokacin da ɗayan ya danna makirfo, mai magana daga nesa ya nutse, ya dawo idan an saki. Ƙananan rediyon ɗauka sun fi shan wannan wahala domin matatarsu ta gaba ba ta da yawa.

Ɗalibi Yelwa:
Injiniya, ke nan karin maganar da ta dace ita ce "ba a sarki biyu zamani ɗaya"? A bar mutum ɗaya da rediyo, ɗayan ya zama ɗan dako?

Hajiya 'Yar Deba:
A'a ƙanena, ka zarce da yawa. Waccan ana faɗinta inda mulki ɗaya ne ba ya rabuwa. A kan dutse akwai abin da ke rabuwa lafiya lau. Ɗaya ya riƙe gajeren zango, ɗayan ya ɗauki oba-oba ta mita 2 ya koma gefe, ya yi kira a megahaz 145.500. Tazarar da ke tsakanin megahaz 14 da 145 babba ce, da wuya su dami juna idan an ba da ɗan nisa. Kuma mita 2 ce ke cin ribar tsayi ƙwarai, domin siginarta kusan iya ganin ido take tafiya. Ga lissafin: ka nemi lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da tsayinka a mita, ka ninka da 4.1, ka sami kilomita. Wanda ya ɗara filin da ke kewaye da shi da mita 400, 20 sau 4.1, kusan kilomita 82 ke nan da wat 5. A canja guntuwar eriyar robar da ke zuwa da oba-oba da doguwa, a riƙe ta a tsaye, kar a kwantar.

Kuma kalmar ɗan dako ba ta yi min daɗi ba. Bahaushe ya ce da abokin daka akan sha gari. Wanda ya hau da batir da ruwa a bayansa yana da haƙƙi a makirfo, in dai yana da lasisinsa.

Malam Na Dass:
Hajiya, wannan ta biyun ta zauna daidai, amma a lura aikinsu ya bambanta. Ta jinka tana magana kan yadda ake aiki, ta abokin daka kuma kan yadda ake raba amfani. Mutane suna cakuɗa su, sai a yi aiki tare a hana wani rabonsa, ko a raba komai biyu har abin da bai kamata a raba ba.

Hajiya 'Yar Deba:
Haka ne Malam. Kuma akwai tsarin da ya sa rabon ya zama dole. Shirin SOTA na kiran rediyo daga ƙololuwar duwatsu, wanda aka fara a Birtaniya a 2002, ya ɗora wa kowane mai lasisi ya yi magana da tashoshi 4 mabambanta kafin a ba shi makin dutsen. Dole ya kasance bai sauka fiye da mita 25 daga ƙololuwa ba, wutarsa ta batir ce ko hasken rana da ya ɗauko da kansa, ba ta mota ba, kuma hira da abokin da kuke kan ƙololuwa ɗaya ba ta shiga lissafi. Ko ba a cikin shirin ake ba, ƙa'idar ta yi kyau a ara. Na farko ya yi huɗunsa, ya ce wa wanda ke layi ya dakata akwai tasha ta biyu, ya miƙa makirfo. Wanda ke can zai yi murna, ya sami tasha biyu a zama ɗaya. Mai jiran layinsa shi ke riƙe littafi: alamar kira, zango, rahoton sigina, da lokaci a agogon GMT, wato a cire awa ɗaya daga agogon Najeriya. A rubuta da fensir, biro yana ƙin rubutu a takardar da gumi ya jiƙa.

Injiniya Kaltungo:
Bari in kawo inda karin maganar Malam ta fi fitowa fili, wato tayar da sanda. Ana amfani da sandar kamun kifi ta faiba mai zugewa, mita 7. A tabbatar faiba ce ta gilashi, domin ta kabon tana ɗaukar wuta, tana ɓata aikin eriya. Kar a rataya waya a can ƙarshe, tsinin siriri ne, zai lanƙwashe ko ya karye. A sauko gaɓa ɗaya ko biyu, wajen mita 6.

Duwatsunmu na Bauchi galibi fa ne, turke ba ya shiga. Don haka igiya uku ake ɗaurawa a jikin sandar wajen tsayin ƙirji, a kai kowace ga dutse mai nauyi ko gindin itace, ko a cika jaka da tsakuwa a ɗaure. Ɗaya ya dafe gindin sandar da ƙafa yana riƙe, ɗayan ya zaga ya ɗaure igiyoyin, ya fara da ta ɓangaren da iska ke fitowa. Sai an gama wannan ake zuge gaɓoɓi, daga siririya zuwa kauri, ana murɗa kowace ta kama. A naɗa salatif a kowace mahaɗa, domin zafin rana da kaɗawar iska suna sassauta su, sandar ta rufto cikin kanta lokaci guda, gaɓoɓin su tsage. Sannan ɗaya ya ja bakin wayar ya tafi da shi, mai sanda yana gaya masa ja ko sassauta. A ƙara wa bakin igiya mita 2 ko 3 don kada wayar ta taɓa ƙasa.

A nan ake samun rauni. Bakin irin wannan waya yana ɗauke da wuta mai yawa. A wat 5 kawai, inda take fita daga taransifoma ya haura bolt 100, kuma ƙunar rediyo tana shiga fata ta daɗe ba ta warke ba. Mai rediyo yana ɗokin duba SWR, wato ma'aunin da ke nuna ko eriya ta dace da rediyo, ya danna, alhali ɗan'uwansa yana can yana ɗaure baki. Ƙa'ida: ba a danna komai sai na can ya ɗaga murya ya ce "na saki," mai rediyo ya amsa "zan danna." Idan SWR ya wuce 2, a kashe, a naɗe bakin wayar kamar santimita 10, a sake gwadawa. Naɗewa ake yi, kar a yanke, domin a wani dutsen tsawon zai so canji.

Mai Eriya Bauchi:
Injiniya, wannan "na saki" da "zan danna" ai ita ce muryar mai ba da umarnin da Malam ya faɗa. To rabon kaya fa? Nan ma ana ce min hannu biyu, a ninka komai.

Injiniya Kaltungo:
Rediyo ɗaya na gajeren zango ya isa, irin Yaesu FT-818 ko Elecraft KX2 ko Icom IC-705. Abin da ake ninkawa ƙananan da ke kashe tafiya ne idan sun lalace: guntun kebul na koaks mai haɗa rediyo da eriya, fis, wayar batir, abin saƙalawa a kunne. Batir kuma a yi lissafi. Rediyo mai wat 5 yana jan kusan amfiya 2 idan yana watsawa, ƙasa da rabin amfiya idan yana saurare. Awa biyu rabi magana rabi saurare bai wuce amfiya-awa 2.5 ba. Batirin LiFePO4 mai bolt 12.8 da amfiya-awa 4 zuwa 6 ya wadatar, nauyinsa bai kai kilo ɗaya ba. Baƙin batirin nan mai amfiya-awa 7 da ake sa wa UPS ya haura kilo 2, kuma ƙarfinsa na faɗuwa tun bai ƙare ba. A sa fis mai amfiya 5 dab da kan batir. Nauyin da aka rage a cike shi da ruwa, aƙalla lita 3 kowane mutum a watan Maris da Afrilu, kuma kowa ya ɗauki nasa a jakarsa. Rediyo ya zauna a inuwa, ko da ta lema ce.

Baba Tangale:
Yarana, kun yi ta maganar waya, ku bar ni in faɗi aikin hannu na biyu da ya fi duka. Mai rediyo kunnensa a toshe yake, idonsa na kan allo. Ba ya ganin hadari, ba ya jin cida. Da damina hadarinmu daga gabas yake tasowa, kuma yana da sauri. Abokin tafiya ya riƙa duban gabas. Idan ya ga walƙiya ya ƙirga: kowace daƙiƙa 3 kafin a ji ƙara kilomita ɗaya ce. In bai kai daƙiƙa 30 ba, a cire kebul daga rediyo, a kwantar da sanda, a sauka. Ba a tsayawa ƙarasa hira, kuma ba a fakewa gindin itace ɗaya tilo a kan tudu. Wannan hukunci na mai kallo ne, mai makirfo ba shi da ta cewa.

Na biyu maciji. Ƙasar Kaltungo da Billiri da Tula kububuwa ta yi yawa, shi ya sa asibitin saran maciji yake Kaltungo. Ƙarƙashin duwatsun da kuke ɗagawa don ɗaure igiya take kwanciya. A ture dutse da sanda tukuna, a sa takalmi mai rufe idon sawu. Idan tsautsayi ya faɗa, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure ƙafa tamau. A cire zobe ko abin da zai matse in wurin ya kumbura, a hana ƙafar motsi, a nufi asibiti ko da ba a jin ciwo sosai, domin dafinta jini yake hana daskarewa, illar tana iya bayyana daga baya. Wanda ya hau shi kaɗai, wa zai sauko da shi?

Ɗalibi Yelwa:
Baba, Allah ya ƙara girma. Da hunturu fa, tunda babu hadari?

Hajiya 'Yar Deba:
Hunturu nasa daban. Busasshiyar iska mai ƙura tana goga waya, wuta ta taru a jikinta, ka ji tas-tas a rediyo ko ta ɗan make ka a yatsa. Wayar da ke bi ta taransifoma 49:1 tana da sauƙin wannan, domin naɗin da ke ciki ya haɗa ta da bayan kebul. Eriya mai reshe biyu da ba ta da irin wannan hanya, a haɗa mata resisto mai megohm 1 tsakanin rassan biyu, kuma kafin a jona kebul a taɓa tsakiyar filoginsa da jikin filogin don wutar ta zube. Lokaci kuma: mita 40 da safe ne ko yamma, da rana tsaka sigina yana shanyewa a sama, sai a koma mita 20 ko 15.

Malam Na Dass:
Baba ya ƙara min wani abu a fahimtar karin maganar. Cikin masu ɗaukar jinka akwai wanda ke tsayawa gefe yana duba ko ta daidaita da bakin gini, yana cewa a matsa dama ko hagu. Bai taɓa tsaiko ba, amma ana lissafa shi cikin masu ɗauka. Don haka abokin da ba shi da lasisi, wanda ba zai watsa komai ba, yana riƙe littafi yana duban gabas, ya shiga karin maganar sosai.

Baba Tangale:
Sauran abu ɗaya, tun kafin a fara hawa. Baƙi biyu da doguwar sanda da waya da oba-oba a kan dutse, a wannan zamani, dole a yi zargi. Ku fara zuwa wajen mai unguwa ko dagaci ku yi gaisuwa, ku nuna lasisi da katin shaida, ku faɗi lokacin da za ku sauko, a sanar da 'yan banga. Wasu duwatsun, kamar Bima, suna da daraja a wajen mutanen wurin, akwai inda ba a so a taka, sai ku nemi ɗan gari ya yi muku jagora. Kwafin lasisin ya kasance a jakar kowannenku, lambar wayar mai unguwar ma a wayoyinku duka biyu.